Yadda za ku fita zane a fili da fentin akirilik cikin hunturun nan ba tare da iska ta cinye muku fenti ba

Jama'a tunda hunturu ya shigo mutane sai tambayata suke, wai Malam yaushe za mu sake fita bakin gulbi zane, wasu kuma suna son su haɗa tasu fitar a garinsu amma ba su san ta inda za su fara ba. To bari in zauna in rubuta abin da na sani sau ɗaya, kowa ya ɗauki wanda zai mishi amfani.

Abu na farko da nike so ku cire daga ranku shi ne wai sanyi ne matsalar. Eh akwai ɗari, da asuba a Argungu ko Birnin Kebbi ko Gusau cikin Disamba da Janairu wani lokaci yakan sauko ƙasa da digiri 15, yatsu su ƙage ka kasa riƙe buroshi, amma wannan awa biyu ne ya wuce, kafin azahar ma an haura 30 kowa ya tuɓe suwaita. Abin da zai wahalshe ku daga farko har ƙarshe shi ne bushewar iska da ƙura. Laimar iska a wanga lokaci takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi kuma fentin akirilik ba komai ba ne illa garin kala da anka dama cikin ruwan roba, da ruwan ya tashi sai ƙwayoyin robar su manne da juna su zama fata, kuma in ya zama fata ya zama ke nan, ko ka tsoma shi cikin gulbi ba ya komawa. Iskar da ke fasa maka leɓe da diddige ita ce dai ke shan ruwan fentinka. Fitarmu ta farko na matsa wa kowa fenti a faranti tun kafin in fara bayani, ina ta zuba surutu kamar minti goma sha biyar, ko da munka juya duk ya yi ɓawo kamar tuwon jiya. Rabin kwalin fenti ya tafi a banza ranar, kuma laifina ne ba na kowa ba.

Don haka duk shirin da za ku yi ku gina shi a kan ruwa da lokaci.

Maganar lokaci tukuna. Kada ɗokin hasken safe ya sa ku fara ƙarfe bakwai. Kamfanonin da ke haɗa fentin da kansu suna gargaɗi cewa in ya bushe a sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 ko kusa da haka, robar ba ta haɗewa da kyau, sai ya tsattsage ko ya riƙa zuba kamar alli daga baya. Mu nan ba kasafai muke kaiwa can ba, ba mu da matsalar mutanen Turai da fenti ke daskare musu cikin gwangwani, amma allon da ya kwana a bayan mota ko a tsakar gida sanyi ƙarara yake da safe. Ku kwana da allunan da fentin cikin ɗaki. A haɗu ƙarfe takwas, a sha koko da ƙosai ko shayi mai citta, a zagaya a duba wuri, a yi zanen fensir, tara da rabi a buɗe fenti, sha biyu da rabi a rufe don a samu azahar cikin natsuwa. Awa uku ta isa wallahi, wanda ya ce muku zai zauna wuni guda a fili cikin jaura yana zane bai taɓa yi ba. Kuma rana tana tafiya, inuwar da kunka gani ƙarfe tara ba ita ce ta sha biyu ba, saboda haka tun farko kowa ya sa alamar inda inuwa take a allonsa ya tsaya a kanta, kada ya riƙa bin ta yana gyarawa har a tashi.

Wuri kuma, mu dai Allah ya ba mu. A Argungu ga bakin gulbin Matan Fada inda ake bikin kamun kifi tun 1934, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ga fadama da shinkafar rani koriya shar a tsakiyar ƙasa duk ta bushe, ga kwale-kwale a ɗaure, ga giginya. Wanda ke son gini ga Gidan Nabame inda Gidan Tarihin Kanta yake, tsohuwar fada ce tun 1831, ginin ƙasa da hasken safe a jikinsa abin kallo ne. Mutanen Yauri suna da gulbin Neja gaba ɗaya. Na Gusau kuna da dutsen Kwatarkwashi wanda ko daga nesa ya ishe ku aiki, sai dai ku ne kunka san halin da hanyoyinku ke ciki, kada a ɗebi ɗiyan mutane a fita bayan gari saboda zane, in akwai shakka ko kaɗan a tsaya cikin gari, filin makaranta mai itatuwa ko saman bene ma ya wadatar. Ko ina ne dai ku je kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a daidai lokacin da za ku yi aikin, ku gaida mai unguwa ku faɗa mishi abin da ke tafe da ku, in bakin ruwa ne a Argungu ku sani akwai Sarkin Ruwa kuma wurin yana da dokokinsa, ba a shiga wurin haka nan. Gaisuwar minti biyar tana kashe tambayar awa biyu. Ku kauce wa mashaya da inda mata ke wanki, kuma kada a zana kowa sai an tambaye shi. Cikin waɗanda za su zo ma za ku samu wanda ba ya son zana abu mai rai saboda addini, wannan ba abin gardama ba ne, ruwa da itace da dutse da gini sun ishe shi har ya gaji.

Da kun isa, kafin ku duba ina ne ya fi kyau ku duba ina iska ke fitowa. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ku nemi katanga ko jerin dogon yaro ko ma mota ku sa ta tsakaninku da ita. Allon ya kasance cikin inuwa, in rana na dukansa kai tsaye fenti zai bushe a bakin buroshi kuma idonka zai ruɗe ka haɗa kala duk ta yi duhu. Mutum ya zauna inda bayansa ke shan rana allonsa na cikin inuwar jikinsa, wannan shi ne zaman da ya fi daɗi da safe. Kada ku jeru kamar sahun salla, ku yi kamar rabin wata ta yadda mai koyarwa zai iya zagayawa ta baya, kuma a yayyafa ruwa a ƙasa kamar yadda ake yi kafin shara, don yara za su zo, ba makawa za su zo, kuma ƙafafunsu ne ke tada ƙura. Ni dabarata ina tafe da kwalaye da ragowar fenti na ba babbansu in ce kai ne sarkin yara, ku koma can ƙarƙashin waccan itaciyar ku yi naku, shi ke nan an rabu lafiya.

Yawan mutane kada ya wuce goma zuwa sha biyu ga mai koyarwa ɗaya. Fiye da haka sai ka ga ka koma mai rabon ruwa.

Yanzu ga inda aikin yake, wato farantin haɗa kala. Ku manta da katakon nan mai ramin yatsa da kuke gani a hotuna, na masu fentin mai ne, nasu yana kwana bai bushe ba. Ku nemi robar abinci mai faɗi mai murfi, irin ta tekawe, ku shimfiɗa soso siriri ko tsumma mai tsabta ko tishu ninki huɗu a ciki, ku jiƙa shi sosai sannan ku tsiyaye ruwan har ya zama in ka danna da yatsa ruwa ya ɗan fito amma ba ya kwance, sai ku ɗora takardar gashin kek a sama, irin wadda masu kek ke shimfiɗawa a tire. A kan takardar nan za ku matsa fenti. Ruwa yana ratsowa ta ƙasa kaɗan kaɗan yana riƙe shi da rai, in za ka tashi miƙe ƙafa ka rufe murfin. Da wagga dabara fentin da zai mutu cikin minti goma sai ya kai ku har a tashi, wani ma har gobe. A matsa shi tudu guda kamar ƙwayar gyaɗa biyu, kada a baje, wanda anka baje shi ke fara mutuwa. Sannan kowane mutum biyu su samu kwalbar feshi ɗaya, irin ta masu aski, wadda ke fitar da ruwa kamar raɓa ba mai tsartuwa ba, duk bayan 'yan mintuna a ɗan fesa wa farantin daga nesa, in ana son haɗa kala biyu a jikin allo a fesa wa allon ma kaɗan. Kaɗan fa na ce, wata ɗalibata ta fesa har sararin samanta ya gangaro cikin gulbi, tana ta Malam ka zo ka gani zanena yana kuka.

Akwai wani ruwa da ake sayarwa a shagunan kayan zane mai jinkirta bushewa, ritada suke ce mishi, in kun samu daga Kano ko Kaduna ko Zariya to madalla, amma ɗigo ake sawa, in ya yi yawa fentin zai zauna yana danƙo ya ƙi bushewa, kuma a hunturu fenti mai danƙo gayyatar ƙura ce. Ni na fi yarda da soso da feshi.

Kala kuma kada ku sayi kwalin nan mai guda ashirin da huɗu, asarar kuɗi ce, rabinsu ba za a taɓa su ba fari kuma ya ƙare tun kafin sha ɗaya. Ku sayi manyan robobi na kala biyar ko shida a raba, fari mai yawa, ninki biyu ko uku na sauran, shuɗi irin na bula, ja, rawaya mai haske, rawaya mai ruwan ƙasa da ake kira oka, sai ruwan makuba wato siyena. Baƙi ku bar shi gida ko ku ɓoye shi a aljihu, sabon hannu in ya samu baƙi duk inuwa sai ya zuba mata shi zanen ya koma kamar gobara ta ci. Shuɗi da makuba in anka haɗa suna ba da duhu mai kyau, ka ƙara fari ka samu ruwan toka iri iri, kuma ruwan tokar nan shi ne hunturu. Liquitex wanda shi ne na farko da ya fito kasuwa a irin wanga fenti na ruwa a Amurka cikin shekarun 1950 yana da kyau amma da tsada, na ɗalibai mai araha ya isa koyo, ku dai buɗe ku duba kafin ku biya don wani ya daɗe a shago ya zama roba tun cikin kwalba.

Ga wani abu da ke ruɗa kowa, akirilik in ya bushe yana ƙara duhu. Ruwan robar da ke cikinsa fari fari yake kamar madara lokacin da yake jiƙe, in ya bushe sai ya zama garau, sai kalar ta nutse. Ku haɗa ta ta ɗan fi abin da kuke so haske, kuma kowa ya aje guntun kwali a gefe yana gwadawa, da iskar nan minti biyu ya nuna maka gaskiyarsa.

Abin da za a zana a kai ba sai kanbas na shago ba. Filawud siriri da kafinta zai yanka muku, ko kwali mai kauri, ko akoko da anka ja a kan firam, duk suna yi in anka shafe su. Jeso ne asalin abin shafawa, in babu ku yi irin ta ɗaliban zane, farin fentin gida na ruwa da ɗan gam Top Bond, shafi biyu, a bari na farko ya bushe kafin na biyu. Ku yi wannan a gida kwana biyu kafin fita. Allon da ba a shafe ba shan fenti yake kamar rairayi. Girma kuma kamar takardar A4 ko A3, kada ya wuce haka, babban allo a fili iska ce kawai za ta ɗauke shi, na taɓa bin nawa da gudu har cikin gonar albasar wani dattijo, ya ɗago ya dube ni ya ce ɗana lafiya dai ko, na ce Baba lafiya lau hoto ne ya gudu. Abin jingine allo mai ƙafa uku in kuna da shi ku rataya mishi jarkar ruwa ko jakar duwatsu a tsakiya, in babu a zauna kan tabarma a ɗora allon a cinya, ni na fi son haka ma. In takarda ce a manne gefenta huɗu da salatif ko a matse da fegin shanya. Ina kuma ba da shawara a shafe allon gaba ɗaya da oka mai ruwa ruwa kafin a fara, farin allo a waje yana kashe ido, kuma duk inda fenti bai rufe ba sai ya fito kamar ƙasarmu.

Buroshi uku sun isa, na nailan, babba mai faɗi kamar yatsu biyu, matsakaici, da ƙarami mai tsini wanda ni nike hana a taɓa shi sai rabin awar ƙarshe. Kofi biyu na ruwa, ɗaya na wanki ɗaya mai tsabta na sirkawa, da tsumma. Doka ɗaya ce ba ta da sassauci, buroshi ko yana hannunka ko yana cikin ruwa, in ka aje shi a tabarma ka amsa waya ka dawo ka tarar da tsinke.

To yanzu me za a zana. Nan ne nike faɗa da mutane. Kowa ya zo da shuɗin sama a kansa irin na kalanda, ya ɗaga kai ya ga sama fara fat kamar an zuba toka, rana kamar farantin tasa har kana iya kallonta, amma ya sunkuya ya shafa shuɗi. Don Allah ku zana abin da ke gabanku. Hazon nan da mutane ke ƙorafi a kansa malami ne na kyauta, abin da ake wahalar koya wa ɗalibi a aji cewa abu in ya yi nisa kalarsa na kashewa gefensa na narkewa, hunturu yana nuna maka shi ƙarara, giginyar kusa duhu ce mai kaifi, ta tsakiya ta yi toka toka, ta ƙetaren gulbi kamar inuwa kawai. Ku ce kowa ya lumshe ido ya raba abin da yake gani gida uku, nesa da tsakiya da kusa. A fara da sama, fari da ɗan oka da ɗigon shuɗi, da babban buroshi da sauri tun daga sama har ƙasa kafin ya kama. Sai nesa, kalar saman nan dai za ka ƙara wa duhu kaɗan. Sai tsakiya, sai kusa, a nan ne kaɗai za ka saki kala mai ƙarfi, koren shinkafa, jan bakin gaɓa, duhun kwale-kwale. Ruwan gulbi kuma ba shuɗi ba ne, kalar sama yake ɗauka ya ɗan fi ta duhu, a ja shi a kwance. Kuka a wanga lokaci ta zubar da ganye, rassanta tsirara, ta fi komai daɗin koyo, shi kuma gawo da yake shi ba ya bin kowa yanzu ne yake kore, in kun samu su biyu wuri ɗaya kun gama samun zane.

Saurin bushewar nan ma yana da ranarsa. In ka ɓata wuri ba sai ka goge ba, ka jira minti uku ka shafe da wata kala, an wuce wurin. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka tsaya kana lailaya kala biyu a allo kamar mai fentin mai, haɗa tsakiyarsu a faranti ka ɗora a tsakani. Kuma kada a yawaita ruwa a cikin fenti don gudun bushewa, in ya tsinke da yawa robar ba ta isa ta riƙe kalar ba. In ƙura ta faɗa kan jiƙaƙƙen wuri kada ka sa yatsa, bari ya bushe ka share da busasshen tsumma, wadda ta zauna ta zauna.

Mai koyarwa ya yi nashi gwajin a gabansu minti goma kacal, ƙaramin allo, yana yi yana magana, sannan ya aje buroshinsa ya zagaya. Kada ka karɓi buroshin ɗalibi ka gyara mishi a allonsa, nuna mishi a guntun kwali, ballantana in Hajiya ce ko wani babba da ya girme ka, ka ce Hajiya da za a ɗan ƙara fari a nan ya kike gani. Wajen sha ɗaya a tsaya kowa ya jingina nashi ya ja baya taku biyar ya kalla, a sha ruwa, don cikin sanyi ba a jin ƙishirwa amma iskar tana busar da mutum kamar yadda take busar da fentin.

Jiki kuma a sa kaya bisa kaya waɗanda za a iya ragewa, tsofaffi, don akirilik in ya bushe a shadda ko wagambari ya zauna har abada, mata a ɗaure bakin hijabi ko a sa ƙarami. Hular sanyi, takunkumi ga mai asma ko mura, man kaɗe ko basilin a leɓe. Amma in ka shafa mai a hannu ka goge yatsunka sosai kafin ka taɓa allo, duk inda maiƙo ya taɓa fenti ba ya kamawa. A zo da fulas na ruwan ɗumi, ba na shayi kaɗai ba, ana ɗan sirka ruwan wankin buroshi da shi da safe yatsu su saki. Kuma kada wanda ya sa buroshi a baki don ya gyara tsininsa, wasu kalolin ja da rawaya akwai sinadarin kadmiyom a cikinsu.

In an tashi ruwan wankin buroshin nan kada a zuba shi a gulbi ko a fadama, roba ce narkakka, mutane na sha dabbobi na sha kifi na ciki. A juye shi cikin jarka guda a koma da shi gida, a bar shi a bokiti ya kwana biyu, dattin zai kwanta ko ma iskar ta shanye ruwan ta bar ɓawo a ɓamɓare a jefa a shara. Buroshi a wanke da sabulu a tafin hannu har kumfa ta fito fara, a gyara bakinsa a kwantar. Allunan kuma ko da sun bushe a taɓawa kada a haɗa su fuska da fuska, mannewa suke su ɓamɓaro juna, a sa takardar kek ɗin nan a tsakani, wanda ya yi a kan yadi kuma kada ya naɗe shi da sanyin safiya don fentin yana taurin da zai iya tsagewa, ya bari sai rana ta yi. Kafin a watse a jera su duka a gindin katanga a yi musu hoto, kowa ya rubuta sunan wurin da kwanan wata a bayan nashi, wanda ya ari kwalbar feshina kuma tun fitar bara don Allah ya taho da ita.